Leshin Hajiya Najiba a Waƙar Wahabu

Yaya Mamuna, ki yafe mini wahalar da zan ba idonki. Na san karatu yana sa miki ciwon kai tun da kika koma Tamale. Da waya zan kira, to wayarki a hannun jikoki take, su ke buɗe miki murya kowa na ji. Waɗannan shafuka don kaina na rubuta su, yau na yage su zan ba direban da ke kai miki goro. Ke kika koya mini wankan gawa, ke kika miƙa mini bahonki ranar da za ki bar Kumasi. Shi ya sa ba wanda zan nuna wa sai ke. Ƙanwarki, Rashidatu.

Litinin, da hantsi

Na shiga pragya, keken nan mai ƙafa uku, zuwa kasuwar Kejetia sayen kafur. Direban ya ƙure kiɗa. Na ce ya rage, bai ji ni ba, dama ba a cika jina ba. Sabon albam ne na Wahabu, ɗan marigayiya mai koko ta bakin masallacinmu, wanda ke ba mutane dariya a waya da wurin bikin awure. Yanzu wai ya zama mawaƙi. Sunan albam ɗin "Zango Ba Ƙofa". Akwai waƙar mai gidan haya na Ayigya da ke bin ɗalibai har cikin aji, akwai ta ladanin da barci ya kwashe da lasifika a kunne. Ban ce ban murmusa ba, Allah ya yafe mini.

Sai wata ta shigo:

"Hajiya ta faɗi, soso ya tashi,
dama da kaya, hagu ba kowa."

Mata biyu a gefena suna dariya har da tafi. Ɗaya ta juyo ta gan ni, ta zunguri ɗayar. Suka yi tsit har muka sauka.

Na sayi kafur ɗina na dawo.

Talata, bayan azahar

Hagu ya ce. Me ya sa hagu?

Alhamis, bayan la'asar

Yau a bakin famfo na yi sallama, aka amsa da rabin baki. Wata ta ce wa 'yarta da ƙarfi, "Rufe jikinki, yanzu ko mutuwa ba ta rufa wa mutum asiri." Ba ni take kallo ba. Amma ba kowa a bayana.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai huta. Hajiya Najiba mai leshi a Kejetia ta rasu watan jiya. Shekarun baya ta yi wata tafiya Ankara, babban birnin ƙasar nan, ta daɗe, aka ce sarin kaya ta je. Kafin ta cika ta bar wasiyya cewa ni zan wanke ta, da mai zuba mini ruwa mutum ɗaya, kuma kada 'ya ko 'yar'uwa ta shiga ɗakin. Danginta ba su ji daɗi ba, amma wasiyya wasiyya ce. Na shiga da Barkisu, wadda ta saba riƙe mini buta. Mu biyu. Muka yi abin da ake yi, muka suturta ta, muka fito. Alheri na gani.

Da za mu tafi, 'yarta Basma ta ba ni ƙunshin kayan mamaciya kamar yadda aka saba ba mai wanka. Ta ƙara mini da leshin nan ruwan goro mai duwatsu, wanda Hajiya ta sa ranar awuren ɗanta, tana kuka tana cewa in sa wa Mmanta albarka. Ni kuma na cusa wani ɗan ƙulli nawa a tsakiyar ƙunshin, abin da bai kamata a bari a ɗakin ba. Na ɗora duka a saman wodrob. Niyyata bayan addu'ar arba'in in kai kayan Atonsu in yi sadaka inda ba a san su ba.

Mu biyu ne a ɗakin. Ni na san bakina.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na sa 'yata Nasiba ta nuna mini bidiyon waƙar. Sai da na maimaita sau biyu ta miƙo wayar, ta ce za ta duba ɗinki a shago, ta fita.

Wahabu ne ya yi shigar mata, da ɗaurin kai kamar tukunya. Yana rawa a wurin awure ana masa liƙi, ya yanke jiki ya faɗi. Aka yi ta salati da kururuwar ƙarya. Sai ga wata 'yar siririya ta shigo da buta da baho, tana tafe kamar mai tsoron taka ƙasa. Ta tsoma gwiwar hannu a ruwa ta ji ɗuminsa. Ta sunkuya ta ce, "Gafara dai, baiwar Allah." Ta ɗaga mayafi, soso ya faɗo daga ƙirjin rigar ta hagu ya gangara tsakar gida, yara suka bi shi da gudu. Gawar ta miƙe ta ƙwace abinta, kiɗa ya tashi.

Gwiwar hannu. Gafara dai. Ni ce wannan, ko makaho ya gane.

Rigar da ke jikinsa leshi ce ruwan goro mai duwatsu. Leshi yana kama da leshi. Kejetia cike take da shi.

Ban duba saman wodrob ba.

Asabar, da safe

Na je wurin Barkisu inda take sayar da fura a bakin titi. Na jira masu saye suka ragu. Na tambayi yara, na tambayi ƙafarta da ke kumbura. Sannan na ce, "Barkisu, kin ga abin da yaron nan ya yi?"

"Wa bai gani ba, Mma Rashida? Har a Nima ana rawarsa."

Na ce, "Ban ce komai ba. Amma wani lokaci mutum yana hira da miji, ko da ƙawa, magana ta zame masa bai sani ba."

Ta ajiye ludayi. "Ei! Au, ni kika zo tuhuma? Ni koraa jira nake ki zo ki gaya mini yadda aka yi, ashe sammaci kika kawo mini."

"Ba tuhuma ba ce."

"To mene ne, gaisuwa? Mma, surutu gare ni, na yarda. Na iya faɗa da mai trotro a kan canji daga nan har Tafo. Amma abin da ke cikin ɗakin can? Wallahi ko mijina ya tambaye ni cewa nake ruwa na zuba na fito. Tun shekaranjiya matan layinmu sun daina sayen furata, wai hannun da ya taɓa gawa ya tona ta. Ke ba wanda zai ce miki a fuska, saboda ke malama ce. Ni ake ce wa."

Ta yi rantsuwa ba tare da na nema ba. Na lura da wannan. Mai gaskiya ma yana rantsuwa, na sani. Amma na lura.

Ta ɗaura mini fura a leda ta ƙi karɓar komai. Ban iya sha ba.

Lahadi, da yamma

Yaran makarantar allo suna rera "soso ya tashi" a kan hanyar gida. Ba su san abin da suke cewa ba.

Talata, bayan azahar

Tsohuwar gidan bayanmu ta rasu da asuba. Na ji kuka ta katanga. Na yi alwala, na haɗa magarya da kafur da safar hannu, na sa mayafi na zauna a bakin gado ina jiran ɗan aike.

Har aka yi sallar jana'iza ba wanda ya zo. An ce daga Aboabo suka ɗauko wata.

Wannan tsohuwar ta sha riƙe hannuna tana cewa, "Rashida, ke za ki juya ni, hannunki ba ya da gaggawa." Na mayar da kayan cikin baho. Na je gaisuwa kamar kowa. Aka matsa mini wuri a kan tabarma, wuri mai faɗi ƙwarai.

Laraba, da hantsi

Nasiba ba ta kallon idona. Ta dawo da ƙyallaye masu ƙyalƙyali a jaka, irin waɗanda ba matar Zango da za ta sa. Na tambayi na wa ne, ta ce na kwastoma. Jiya na ji ta tana wanke-wanke tana ɗan rera wani abu, da na fito ta koma tari.

Wataƙila tari ne.

Ban duba saman wodrob ba. Bayana yana ciwo, kujerar da nake takawa kuma tana rawa.

Alhamis, bayan la'asar

Magajiya Fareeda, shugabar matan unguwa, ta aiko. Ranar Lahadi za a zauna a gidanta. Dangin Hajiya Najiba sun kai ƙara. Ni da Barkisu ake nema.

Juma'a, da hantsi

Na je wurin Wahabu. Wani ɗaki ne a saman shagon taya kusa da Race Course, an manna katifa a bango, waya ko'ina a ƙasa kamar saiwar kabewa. Samari suna zaune suna kallon talabijin uku a jere. Da Wahabu ya gan ni ya miƙe ya cire hula ya durƙusa, ya kori sauran.

"Mma Rashida da kanta! Yau studiyo ta yi tsarki. Waƙa kika zo yi? Ina da bit mai sanyi daidai muryarki."

Na ce, "Wahabu, wa ya gaya maka yadda nake aikina?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Mma, wane aiki? Ko buta za ki ɗauka sai kin ce mata gafara. Ranar sunan ɗan yayata ke kika wanke jariri, gwiwar hannu kika sa a ruwa, ina tsaye. Kaza ta tare miki hanya kina ba ta haƙuri. Zango duka sun san wannan. Ni ƙauna ce ta sa na saka ki, wallahi."

Na ji kunya, don gaskiya ya faɗa. Na ce, "To Hajiya Najiba fa, me ta yi maka?"

Dariyar ta tsaya. "Wallahi tallahi ban san rigarta ba ce sai da bidiyo ya fita mutane suka fara rubutu a ƙasa. Ni na ce wa tela ina son rigar babbar hajiya. Aka kawo ƙunshi. Muna kwancewa wannan abu ya faɗo, yara suka fashe da dariya, a nan take na yi amshin. Ni cikon gayu na ɗauka, irin na 'yanmata. Guda ɗaya muka gani, shi ya sa na ce hagu, don ya hau kiɗa."

"Wace tela?"

Ya sosa kai. Ya dubi silin. "Mma, ki tambaya a gida."

Na ce ya sauke bidiyon. Ya ce ko ya sauke nasa, yana wayar dubban mutane, masu pragya sun kwafa, har wani a Jamus ya yi rawarsa. Ya ce zai iya yin wani bidiyon ya nemi gafara ya ce ba Hajiya yake nufi ba. Na ce kada ya ƙara ambaton sunanta ko da alheri ne.

Na ce ya ba ni kayan. Ya ɗauko leshin daga wata jaka cike da gashin doki da gemun roba. Abin yana ƙasa, ya yi datti. Ya riƙe shi da yatsa biyu.

"Mma, tsakani da Allah, na wa ne?"

Na ce, "A ƙunshina yake. Ba ni."

Ya dube ni, ya sauke ido da sauri, ya sa mini a baƙar leda da hannu biyu. Ban san abin da ya ɗauka ba. Ban gyara masa ba.

Juma'a, bayan magariba

Na hau kujerar. Ƙura ce kawai da shatin inda ƙunshin ya zauna.

Asabar, da safe

Nasiba ta faɗa da kanta tun kafin in gama tambaya. Ita ke ɗinka wa Wahabu kayan bidiyoyin albam ɗin duka, ta ɓoye mini don ta san ba zan so ba. Ranar da ya nemi rigar hajiya lokaci ya ƙure, ta tuna ina tara kayan sadaka a saman wodrob, ta ce aro ne na yini ɗaya. Ba ta san daga wane gida ƙunshin ya fito ba, don ban taɓa gaya mata irin wannan ba.

"Mma, da kin ce mini kada in taɓa."

"Da na ce kada ki taɓa, da kin tambaye ni dalili."

Ta yi kuka ta ce za ta je gaban Magajiya ta faɗi komai, yadda ta ɗauka, yadda aka kwance, abin da ya faɗo. Na ce to daga nan fa? Yanzu mutane zato suke yi. Rabinsu suna cewa sharrin ɗan wasa ne. Ranar da kika ce a cikin kayanta aka samu, kin sa wa zancen hatimi. Ta ce to a bar Anti Barkisu da laifin da ba nata ba? Na ce ba za a bar ta ba.

Ta dube ni ta ce, "Mma, wai da gaske ne?"

Na ce ta ɗauko mini fartanya. Na wanke abin da sabulu, na naɗe shi a farin ƙyalle, na haƙa rami mai zurfi a gindin darbejiyar bayan ɗaki. Bola bai dace da shi ba, wuta ma haka. Tun ranar farko ya kamata in yi wannan. Jiran arba'in ɗin me nake yi?

Kwana nawa ina auna rantsuwar Barkisu, ina ƙirga kallon da take mini. Astagfirullah.

Lahadi, bayan la'asar

Tsakar gidan Magajiya ya cika, har da waɗanda ba a kira ba, suna tsaye a zaure da jarirai a baya. Basma tana zaune a gaba cikin ƙannen mahaifiyarta. Barkisu ta zauna nesa da ni.

Magajiya ta ce, "Rashida, ba mu taɓa jin kanki ba. Amma leshin nan Basma da hannunta ta ba ki. Ku biyu kuka shiga. Wa ya yi magana?"

Na ce, "Barkisu ba ta da hannu ko na ƙwayar zarra. Na zarge ta a zuciyata, ina neman gafararta a gabanku. Leshin daga ɗakina ya fita, da sakacina. Ga shi na karɓo."

Aka ce in ɗaga murya. Na maimaita.

Wata ƙanwar Hajiya ta ce, "Leshi ƙafa gare shi? Wa ya kai?"

Na ce, "Amana a hannuna aka ba da, ni za a tambaya."

"To soson fa? Shi ma daga ɗakinki ya fita, ko daga bakinki?"

In na ce ƙarya ne babu wani abu, na yi ƙarya a gaban Allah. In na ce ban faɗa da baki ba, a ƙunshi ya tafi, na wanke kaina na tsiraita ta. Na ga matan zaure sun miƙo wuya. Ba don ni suka zo ba, wannan amsar suka zo ji.

Na ce, "Na wanke Hajiya, alheri na gani. Ba ni da ƙari."

Magajiya ta tambaye ni sau uku, ta uku da taushi, kamar tana roƙona in taimaki kaina. Amsar ɗaya na ba ta. Ta yi shawara da manya, ta ce in huta da wanka tukuna har zukata su kwanta. Kowa ya san abin da tukuna take nufi a Zango.

A bakin ƙofa Barkisu ta kama mayafina. "Ke dai Mma, wuyar sha'ani gare ki paa. To ni yanzu wa zan zuba wa ruwa?" Ta raka ni har gida tana zagin Wahabu da danginsa kaf.

Litinin, da hantsi

Pragya ta wuce da waƙar. Na ci gaba da tsintar shinkafa.

Laraba, bayan azahar

Basma ta zo ita kaɗai. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Na ɗauka faɗa ta zo yi. Ta daɗe tana wasa da bakin tabarma.

Ta ce, "Anti Rashida, ban zo don leshi ba. Tun da Mma ta dawo daga Ankara ba ta ƙara canza riga a gabana ba. In na rungume ta sai ta juya mini kafaɗa. Na ɗauka wani laifi na yi mata. Shekara da shekaru ina neman laifin."

Na ce, "Allah ya ji ƙanta."

"Amin. Da gaske ne?"

"Alheri na gani, Basma."

"Ban tambaye ki alheri ba. Wannan amsar ta matan zaure ce. Ni na sha nonon nan, Anti. Duk Kumasi suna rawa da shi, ni kaɗai ce ba ni da ikon sani?"

Uwarta da hankalinta ta ce kada 'ya ta shiga ɗakin. Ta san abin da take yi, ko kuwa kunya ce kawai irin ta mai rai, wadda ba ta bin mutum kabari? Ban sani ba. Na rasa aikina don kada in faɗa wa taro. Amma wannan ba taro ba ce, yarinya ce da take zaton uwarta ta daina son ta.

Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce za ta dawo ran Juma'a ta sama bayan an sauko masallaci, kuma ba za ta tashi daga tabarmar nan ba sai na ce e ko a'a.

Yaya, malaman da zan iya tambaya a nan duk maza ne, kuma tambayar kanta tonon asiri ce. Ke kin wanke mata fiye da yadda zan ƙirga, ba mamaki wata 'ya ta taɓa zama a gabanki haka. Me kika ce mata? Direban zai juyo ranar Talata. Ki rubuta da hannunki ko layi biyu ne, kada ki ba jikoki, ki ƙona waɗannan shafuka in kin gama. Don Allah ki amsa mini da wuri, kafin Juma'ar.